Tiyebele, Garin Da Mata Ke Yi Wa Bango Ado

Duk baƙon da Allah ya kai shi Tiyebele, a kudancin Burkina Faso dab da iyakar Gana, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne gidajen ƙabilar Kasena, waɗanda aka lulluɓe da zane ja da fari da baƙi.

Wannan aiki na mata ne, kuma ba su sayen fenti a kanti. Jar ƙasa ke ba su ja, farar ƙasa ta ba su fari, baƙin kuwa daga wani dutse suke niƙo shi. Kafin damina ta faɗi, sai su taru su yaɓe bango, su zana, su goge da dutse mai santsi. Daga nan su yayyafa ruwan ɓawon ɗorawa, wato makubar da maginan ƙasar Hausa suka sani, don kada ruwan sama ya zaizaye ginin.

A da babu siminti a zancen. Yau kuwa shi da kwalta sun shigo gari. Hukumar UNESCO ta sanya gidan sarautar Tiyebele cikin kayan tarihin duniya a 2024, amma ɗorewar adon tana hannun 'yan matan da za su gaji iyayensu.