A Riƙa Duba Tafin Ƙafa

Manomin Baudeta ya san gonarsa sarai. Ko zangarniya ɗaya tsutsa ta taɓa, sai ya gani. Makiyayi kuma kullum safe yana duba kofaton bisashensa. Amma da wuya a samu wanda ya taɓa juya tafin ƙafarsa ya dube shi da kyau.

Akwai ciwon daji da ke kama fata. Wasu suna cewa ciwon Turawa ne. Ba haka ba ne. Ga baƙin mutum, yakan fito a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin akaifa. Yakan fito kuma a tsohon tabon ƙuna, ko a gyambo mai daɗewa.

Ko mai suna da dukiya bai tsira ba. Bob Marley, mawaƙin ƙasar Jamaika, an ga baƙin tabo ƙarƙashin akaifar babban yatsansa na ƙafa a 1977. Da farko an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ciwon ya bazu cikin jikinsa, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Ga abin da za a lura da shi. Baƙin tabo sabo wanda yake ƙara faɗi ko yake sake launi. Miki da ya wuce wata ɗaya bai warke ba. Gyambo da bakinsa ya yi tudu, yana zubar da jini. Kaluluwa mai tauri da ta ƙi sacewa.

Dubawa ba ta cin kuɗi. Mai alwala yana wanke ƙafarsa kullum, sai ya duba har tsakanin yatsu. Baya da ƙeya kuma, miji ya duba wa matarsa, mata ta duba wa mijinta, ko sau ɗaya a wata.

Zabiya ya fi kowa shiga haɗari, don rana tana ƙona fatarsa. A ba shi malfa da riga mai dogon hannu, a rage masa aikin tsakar rana.

Wanda ya ga alama, kada ya kai wa wanzami ya tsaga. Ya tafi gidan likita. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi Tasawa ko Maraɗi, ko Yamai inda cibiyar ciwon daji take. Tabon da aka gani da wuri, likita yana iya cire shi mutum ya koma gonarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.