Gyaran Labari Bashi Ne

Ran 16 ga Maris, 1968, sojojin Amurka suka shiga wani ƙauye mai suna Mi Lai a ƙasar Biyetnam. Hukumar soja ta ba da sanarwa cewa an gwabza yaƙi, an kashe abokan gāba 128. Manyan jaridu suka buga haka, jama'a kuwa suka gaskata.

Ashe ba yaƙi aka yi ba. Waɗanda aka kashe mata ne, da yara, da tsofaffi, ba sa riƙe da makami. Sai bayan wata 20, cikin Nuwamba 1969, wani ɗan jarida mai suna Seymour Hersh ya fallasa maganar. Binciken sojan Amurka ya ƙidaya mutum 347. Mutanen Biyetnam kuwa sun rubuta sunaye 504 a wurin tunawa da ke can.

Ku lura, 'yan'uwa, kuskuren labarin farko bai tsaya ga lissafi ba. Ya ɓata sunan matattu. Wata 20 ana kiran jarirai da iyayensu mata abokan gāba, ga shi ba su da bakin kāre kansu. Wannan ita ce shaidar zur da doka ta tara ta hana. A Farawa sura 4, Kayinu ya so ya ɓoye abin da ya yi, amma Ubangiji ya ji kukan jinin Habila.

Mu malaman makaranta, in yaro ya yi kuskure, mukan sa shi ya rubuta gyara a shafin nan da ya yi kuskuren, inda kowa zai gani. Jarida kuwa sau da yawa takan buga labarin farko da manyan baƙaƙe a shafin gaba, gyaran kuma ta cusa shi a wani lungu. Wannan rabin biyan bashi ne.

To, mu masu karatu fa? Idan muka ga adadin waɗanda suka mutu a yaƙi, bari mu tambaya, wa ya ƙidaya? Wanda ya yi harbin ne, ko wanda ya haƙa kaburbura? Kada mu yi garajen baza labari. In gyara ya fito, mu kai shi ga duk wanda muka gaya wa na farko, har da yaranmu a gida. In editan bai gyara ba, mu rubuta masa wasiƙa cikin ladabi.

Kowane ɗaya cikin 504 ɗin nan yana da suna, Allah kuwa ya san shi. Ubangiji ya sa bakinmu ya zama na gaskiya. Amin.