Lasisin Teksas a titin Mishigan

Juma'a, 3 ga Oktoba

Mun baro Hiyuston da asuba. Hanya biyu ce zuwa Ditiroyit, na ɗauki wadda ta bi ta Akansas, Tenesi, Kentaki da Ohayo, domin duk sun amince da lasisin riƙe bindiga na Teksas. Ɗayar ta ratsa Ilinoi, ita kuwa ba ta san lasisin kowace jiha ba sai nata. Uwargida ta ce, "Maigida, ashe taswirar bindiga daban take da ta mota?" Na ce mata haka abin yake. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, amma kowace jiha da irin rawar da take takawa. Shekara shida ina aikin dare a gidan mai, shi ya sa na mallaki 'yar fistol ɗin nan, ba don sha'awa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Mun iso da daddare, baya ya ƙage.

Talata, 7 ga Oktoba

Na je na canza lasisin tuƙi zuwa na Mishigan, na dawo gida ina murna. Da la'asar kawuna ya zo duba masaukinmu, ya shekara ashirin a nan. Na sunkuya zan ɗauko masa ruwa, rigata ta ɗage, ya hango kuben a ƙuguna. Ya yi shiru sai da yara suka fita.

"Ɗana, da wane lasisi kake yawo da wannan?"

Na ciro katin Teksas na miƙa masa, akwai sauran shekara biyu a jikinsa. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce Mishigan tana girmama lasisin wata jiha ne ga baƙo kawai, mai wucewa ko mai ziyara. Daga sa'ar da na zama mazaunin nan, katin ya tashi daga aiki. Wato da safiyar yau, da hannuna na sa hannu a takardar da ta kashe shi, sannan na tuƙo mota mil goma da bindiga cike a jikina. A dokar jihar nan, ɗaukar fistol a cikin mota ba da lasisi ba babban laifi ne, ɗaurinsa yana kaiwa shekara 5, tara dala 2,500. Sai na ji zufa tana bin gadon bayana.

Ya tuna mini da Shaneen Allen, wata uwa daga Filadelfiya. A 2013 aka tsayar da ita a Niyu Jazi, ta faɗa wa ɗan sanda da bakinta cewa tana da bindiga da lasisin Fensilbaniya. Gaskiyar tata ce ta kai ta gidan yari, ta fuskanci ɗaurin shekara uku da rabi, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Ita gada kawai ta tsallaka.

Kafin magariba na zare gidan harsashin, na kulle bindigar a akwatinta.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kwana ina karanta doka. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai: sabon zuwa sai ya yi wata 6 kafin ya nemi lasisin Mishigan, amma wanda ya zo da lasisin wata jiha mai rai, ana ɗage masa jiran. Ashe katin Teksas bai zama takardar tsire ba tukuna. Sai dai dole in sake kwas na awa 8, biyar a aji, uku a filin harbi. Na kuma je ofishin 'yan sandan unguwa na yi wa fistol ɗin rajista, abin da Teksas ba ta taɓa nema ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Bayan sallar Juma'a wani ɗan'uwa ya ce mini ko lasisin ya fito, kada in shiga masallaci da ita a ɓoye sai shugabannin masallacin sun yarda. Na duba, dokar ta ambaci masallaci da sunansa, tare da coci, makaranta, asibiti da mashaya. Wannan kam ya yi mini daidai.

Asabar, 11 ga Oktoba

An yi kwas. Malamin ya nanata abu ɗaya har muka gaji: a nan, da zarar ɗan sanda ya tsayar da mai lasisi yana ɗauke da bindiga, sai ya faɗa masa nan take, tun ba a tambaya ba. Ka yi jinkiri, tarar dala 500 da dakatar da lasisi wata 6. A Teksas sai an nemi katin shaida kake haɗawa da lasisin. A Ohayo, mil hamsin da 'yan kai daga nan, tun 2022 sai an tambaye ka. Na fi ganin hikimar ta Mishigan, amma ni baƙar fata ne, kuma na san Philando Castile ya faɗa. Yuli 2016, a Minisota, yana da lasisi, ya sanar da ɗan sanda cikin ladabi, aka harba masa harsashi bakwai a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. A 2017 kotu ta wanke wanda ya harbe shi.

A hanyar komawa, wajen ƙarfe takwas, sai ga ja da shuɗi a madubi. Na gangara, na kashe mota, na kunna fitilar ciki, na sauke gilashi, na ɗora hannu biyu a sitiyari yatsu a buɗe. Bakina yana ta hasbunallahu. Tocilar ɗan sandan ta fara sauka a hannayena kafin fuskata. Ya ce fitilar bayana ɗaya ta mutu.

Doka ba ta tilasta mini magana ba, tunda bindigar babu harsashi, tana kulle a akwati cikin but, yadda aka yarda a kai ta filin harbi. Duk da haka na ce, "Yallaɓai, daga kwas ɗin lasisi nake. Akwai fistol a kulle a but, babu harsashi. Walat ɗina na aljihun baya na dama. Me kake so in yi?" Da gangan na fara da kwas. Wanda ya fara da kalmar bindiga, ba lallai a saurari ragowar jimlarsa ba.

Ya ce in ciro a hankali. Na ciro da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar garwashi. Ya koma motarsa, na zauna ina kallon hannuna yana rawa a kan sitiyari. Ya dawo ya ce in gyara fitilar, ko tara bai rubuta ba. Ban gaya wa uwargida ba sai bayan mun ci tuwo.

Talata, 14 ga Oktoba

Na canza ƙwan fitila jiya. Yau na kai takardu ofishin akawun gunduma, na biya dala 100, aka ɗauki zanen yatsuna. Suna da kwana 45 su ba da lasisin ko su faɗi dalilin hanawa. Gobe zan fara aikin dare a sabon wuri, bindiga kuma tana akwatinta a saman kabad, mabuɗin yana wajen uwargida.