Baƙuwar Damina

'Yan uwana mata, in aka ce kallon tsuntsaye na san da yawanku dariya za ku yi, ku ce aikin Turawa ne da suka ƙoshi, masu hayar jirgin ruwa su tafi wani tsibiri can tsakiyar teku da madubin hangen nesa, su wuni cikin sanyi don kawai su ga tsuntsun da ya ratso. To mu nan Zuru ba mu da teku, duwatsu gare mu. Tsibirin da za mu yi tinƙaho da shi sai dai Foge na tafkin Kainji, can wajen Yawuri, wanda a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kare saboda tsuntsayen ruwa. Wace uwa ce za ta bar 'yarta ta kama hanyar nan don kallon tsuntsu?

Amma ni tawa baƙuwar har gida take iske ni. Shamuwa nake nufi.

Akwai wani madaci bayan gidanmu, duk shekara in zafi ya kai maƙura, wajen watan huɗu ko biyar, sai kawai a wayi gari a gan su sun jeru a reshe, baƙaƙe wul da farin ciki, fuska shuɗiya da ɗan ja gefen ido kamar amaryar da aka yi wa kwalliya. Ran nan Kaka ba ta zama, sai ta hau faɗin a fito da iri a gyara, ruwa ya kusa. Miji da mata tare suke ɗauko kirare su gyara tsohuwar sheƙarsu, ta yi ƙwai biyu ko uku, su riƙa karɓa-karɓar kwanci ba mai yi wa wani gori. Ni da nake rubuta littattafan soyayya, wallahi ban taɓa ƙago mijin da ya kai wannan ba.

Da ina yarinya na tambayi inda suke zuwa in kaka ta yi, aka ce mini Makka. Ashe kudu suke yi, su tsallaka tsakiyar Afirka har su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke kamawa daidai lokacin da tamu ta ɗauke. Ruwa suke bi, da fara da tsutsar da ruwan ke fitarwa, shi ya sa manomi ba ya jifan su. Su ma Turawan sun daɗe cikin duhu, har wasu na cewa tsuntsaye cikin laka suke ɓuya da hunturu. Sai a 1822 aka harbo wata farar 'yar uwar shamuwa a ƙasar Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nan. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Masu injin yankan katako sun taya madacin nan, Baffa kuma ya karkata. Ba zan ce ba shi da hujja ba, don kashin shamuwa ba ya barin shanya, ga ƙarni in an yi ruwa. Babbar hujjarsa kuwa, kuɗin jarrabawar ƙanwata ta fita sakandare, wadda in ba a biya ba maganar aure za a tayar mata. Kaka ta rantse ba a sare itacen baƙi tana numfashi. Ƙanwata ba ta ce komai ba, sai dai ta daina zama kusa da ni in ana zancen.

Na ce wa Baffa ya ba ni wata biyu, mai shagon da ke sayar mini da littafi ya yi alkawarin cikon kuɗina bayan salla. Ya dube ni ya ce, "Ke dai da shirme, a kan tsuntsu?" Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Masu injin sun ce za su sake leƙowa ranar kasuwa.