Bishiyarmu ta yi ja tun lokaci bai yi ba

Duk wanda ya taɓa karatu a makarantarmu ya san bishiyar tsakar gida, wadda ake ce wa badamiye, mai faɗin ganye da rassa hawa-hawa kamar laima. A ƙarƙashinta aji biyu ke zama, don ɗakunan karatunmu uku ne, mu kuwa mun fi ƙarfinsu. A nan Birik, inda gida ke jingine da gida, inuwa irin wannan ko da kuɗinka ba ka samu.

Mun san halinta. Babban zubar ganyenta sai rani ya zauna, ƙarshen Disamba ko cikin Janairu: ganyen ya yi ja kamar an shafa masa manja, ya zube, mu sha shara mako biyu, sabo ya fito. Wannan karon tun farkon Nuwamba muka ga ja a samanta. Ruwa ya ɗauke da wuri, rana ta buɗe da zafi. Kafin wata ya ƙare ta zama tsirara, kuma sabon ganye ya ƙi fitowa. 'Yan aji ɗaya suka koma karatu da allo a ka.

Kowa da fassararsa. Wasu suka ce hayaƙin masu tsire ne, wasu suka ce tsufa. Da aka ambaci ƙishirwa, Baba mai gadi ya yi dariya ya ce, "Ƙishirwa a Yawunde? Ku je Marwa ku ga ƙishirwa." Ba mu ga laifinsa ba. Garin nan damina biyu yake yi a shekara, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, ruwansa ya kai wajen milimita 1,500. Kuma ba wanda ya manta da yadda ruwa ya zabtare ƙasa a kan gidaje a Mbankolo a Oktoban 2023.

Ran nan wani busasshen reshe ya faɗo dab da wata yarinya, Allah ya tsare. Sai kwamitin iyaye ya fara maganar sarewa a sa rumfar kwano. Mu da muka san zafin kwano a watan Fabrairu, hankalinmu ya tashi.

Yayan ɗaya daga cikinmu yana karatun ilimin tsirrai a jami'a a Ngoa-Ekelle, muka roƙe shi ya zo. Ya ce koren ganye wani sinadari ne, kulorofil, da shi bishiya ke haɗa abincinta daga hasken rana. Amma ta ganyen ne kuma ruwan jikinta ke fita. In ta ji ruwa ya yi mata kaɗan, sai ta janye abin amfanin da ke cikin ganyen ta ajiye a reshe, ta sake shi ya faɗi, kamar mai shagon da ya rage yara don ciniki ya ja baya. Koren na gushewa sai ɗorawa ta bayyana, jan kuwa a lokacin ne ganyen ke yin sa. Sannan ya duba ƙasa, ya buga ƙafa, ya ce, "Wa ya zuba wannan simintin?"

Muka yi tsit, don mu ne. Shekara biyu da suka wuce mu muka dami Malam da kukan jar laka na ɓata mana fararen kaya, har aka yi karo-karo aka shafe tsakar gidan duka, aka bar wa gindin bishiyar fili da bai fi taki ɗaya ba. Ashe ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suna kusa da saman ƙasa, kuma suna bazuwa har inda rassa suka kai. Tun daga ranar, ruwan sama in ya sauka sai ya bi kan siminti ya faɗa kwata ya tafi Abiergué. Ɗan abin da take samu kuma har da ruwan omo na wankin tabarmi. Ta daure damina huɗu a haka. Da sama ta rage mata, sai ta kasa.

Muka je gaban Malam. Babbanmu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ba mu zuwa saukar ruwan Maris kafin a kawo mai gatari." Malam ya ce, "Ku kuka ce a zuba, ku za ku fasa." Asabar biyu muka yi da guduma, hannuwa duk kanta. Mun buɗe fili taku uku ta kowane ɓangare, mun rufe shi da busasshen ganyen da a da muke ƙonawa. Ruwan alwala, tunda ba sabulu a ciki, yanzu a bokiti muke tara shi, kowane aji da ranarsa ta ɗauka. 'Yan aji huɗu, kun tsallake Laraba biyu, mun gani.

A lokacin da muke wannan rubutu, rassan gabas sun fitar da sabon ganye, na wajen katanga kuwa har yanzu a bushe suke, kuma ɗalibin ya ce wataƙila sai an datse su. Kwamiti bai janye maganarsa ba, ya dai ɗage ta. Laka ta dawo, iyayenmu mata sun fara magana. Baba mai gadi har gobe bai yarda ƙishirwa ce ba, amma da asuba shi ke fara juye butarsa a gindinta.