Hoton da ba ya komawa ƙauye

Yanzu ana yawan ganin matasa masu kyamara suna haɗa kuɗin mota, su nausa ƙauyukan da ko sabis ɗin waya babu, su ɗauki hotuna kyauta a matsayin aikin sa-kai. Niyyar mai kyau ce, ba na shakka. Sai dai a ganina abin da za a auna irin wannan tafiya da shi shi ne: hoton ya koma hannun mai shi? Ya kuma san inda za a kai sauran? A ƙauyuka da dama, hoton da dattijo ya mallaka bai wuce na katin zaɓe ba, wanda aka ɗauke shi bayan ya sha layi cikin rana. Ka ce za ka yi masa na gaske, zai ce ka dakata, ya shiga ɗaki ya fito da babbar rigar sallarsa, ya gyara zaman hula. Tsohuwa kuwa sai ta ɗaura sabon kallabi, ta jawo jikokinta kusa. Haka suke so a gan su. Wanda ya fi son ya ɗauke su da yagaggiyar rigar gona don ta fi jan hankali a Instagram, kansa ya yi wa aiki.

Akwai waɗanda suka riga mu gane haka. Ƙungiyar Help-Portrait, wadda Ba'amurke Jeremy Cowart ya kafa a 2009, tsarinta shi ne a ɗauki mutum hoto, a wanke, a miƙa masa. Tun a farkon shekarun 1990 ma, Caroline Wang da Mary Ann Burris sun ba matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin kyamarori, suka ɗauki rayuwarsu da hannunsu, aka nuna wa jami'an gwamnati.

Za a ce ai hoton wahala shi ke jawo taimako. Akwai gaskiya a ciki. Hoton da Kevin Carter ya ɗauka a Ayod, kudancin Sudan, a 1993, na yaro a durƙushe da ungulu a bayansa, ya girgiza duniya. Amma wannan lokacin yaƙi da yunwa ne, kuma ko a nan dubi abin da ya faru: shekara da shekaru ana cewa yarinya ce, sai a 2011 wata jaridar Sifaniya ta gano mahaifin, ashe namiji ne. Duniya ta haddace haƙarƙarinsa, ba ta san ko wane ne ba. Kuma ba dole sai an tozarta mutum ake jawo hankali ba. Mai ɗaukar hoto Fati Abubakar ta fara shirin hotunanta na Bits of Borno a 2015, rikicin Boko Haram yana ci, ta nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta a Maiduguri cikin mutuncinsu, kuma duniya ta waiwayo.

Wasu kuma za su ce mai gari ya riga ya ba da izini. Izininsa na shiga gari ne, bai kai ga fuskar matar da ke kulle a cikin gidanta ba. Kowa a tambaye shi da harshensa, a gaya masa cewa hoto in ya hau intanet ba a iya janyo shi, in ya ce a'a a sauke kyamara. Lokaci zai tafi, hotunan za su ragu. Kuɗin wankin hoto da na komawa a raba su kuwa, a sa su cikin lissafi tun kafin na man mota, domin alkawarin “za mu aiko muku” shi ne wanda aka fi saɓawa a irin waɗannan tafiye-tafiye.