Ina Sakamakon Ruwan da Aka Ɗiba a Famfonmu?

A bakin famfon tuƙa-tuƙa na unguwarmu a Kutawa akwai wani allon ƙarfe da rana ta cinye fentinsa. Duk da haka ana iya karanta sunan wanda ya ba da aikin, da na ɗan kwangila, da shekarar da aka haƙa rijiyar. Tun ina firamare na haddace rubutun nan, don a gindinsa muke jiran layi da jarkokinmu. Sai da na girma na lura allon bai ce komai ba game da ruwan da muke sha.

A daminar 2021 ina aji ɗaya na babbar sakandare. A shekarar ce kwalara ta game Najeriya. Alƙaluman hukumar NCDC sun nuna fiye da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu, fiye da 3,000 kuma suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa. Ƙanwata mai shekara shida ta fara amai da gudawa da asuba, kafin azahar idanunta sun faɗa. Kwana uku ana yi mata ƙarin ruwa kafin Allah Ya tashi kafaɗunta. Ba kowane gida ne ya yi irin sa'armu ba.

Bayan 'yan kwanaki wasu ma'aikata suka zo da ƙananan kwalabe da kula mai ƙanƙara. Suka ɗebi ruwan famfo da na rijiyoyi biyu. Ni ma na tuƙa musu famfon. Da suka gama na ce wa babbansu, "Yallaɓai, yaushe za mu ji sakamako?" Ya ce za a aiko wa mai unguwa. Har yau da nake wannan rubutu ba mu ji ba.

Wani zai ce to mene ne, tunda cutar ta wuce? Shirun nan ya yi ɓarna. Da yake babu wanda ya san gaskiya, kowa sai ya ƙirƙiri tasa. Wasu suka ce famfon ne, suka koma rijiyar da ba ta da murfi, wadda ke kusa da masai. Wasu suka ɗora wa 'yan ga-ruwa laifi, har aka daina sayen ruwan wani bawan Allah da ba shi da wata sana'a. Inna ta yi mako biyu tana tafasa ruwa, da itace ya yi tsada ta daina. In na yi magana sai ta ɗaga moɗa ta ce, "Kai dai da boko! Dubi ruwan nan garau, ina cutar take?"

Ban iya ba ta amsa ba sai da na shiga jami'a. A ɗakin gwaje-gwaje aka ba mu kwalabe biyu, ruwan ciki fari tas, ba ka iya bambanta su. Muka tace kowanne ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, muka ɗora ta a kan abincin ƙwayoyin cuta, muka bar ta cikin ɗumi ta kwana. Washegari ɗaya na nan fes, ɗaya kuwa ta cika da ɗige-ɗige. Kowane ɗigo tarin ƙwayoyin cuta ne da suka hayayyafa. Wadda aka fi nema ita ce E. coli, mai zama a hanjin mutum da dabba. In aka gan ta a ruwa, to bayan gida ya samu hanyar shiga, kuma ta wannan hanyar kwalara da taifot ke bi.

Ƙannena, ku sani ƙasarmu tana da ma'aunin ruwan sha a rubuce. Hukumar SON ta fitar da shi a 2007, aka sabunta shi a 2015. Ya ce a cikin mililita 100 na ruwa, wato kashi ɗaya cikin biyar na ledar fiya wata, kada a samu E. coli ko guda. Sinadarin naitiret, wanda takin zamani da masai ke iya tura wa rijiya, kada ya wuce miligiram 50 a lita. Dalma kuwa kada ta wuce 0.01. Ashe abin da kwalaben nan za su gaya mana bai fi layi uku ba, kuma duk wanda ya gama aji uku zai iya karanta shi.

Ba mu kaɗai ke fama da irin wannan shiru ba. A garin Flint na Amurka, hukuma ta koma ɗibar ruwan kogi a 2014 don rage kashe kuɗi. Mutane suka yi ta kuka, jami'ai na cewa ruwan lafiya lau. Sai a watan Satumban 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta kwatanta sakamakon jinin yara na kafin canjin da na bayansa, ta nuna dalma ta ƙaru. Da farko ƙaryata ta aka yi, amma cikin 'yan makonni aka bar ruwan kogin. Kukan shekara guda bai motsa su ba, alƙaluma suka motsa su.

Mu nan Allah Ya ba mu madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983. A watan Yulin 2021, cikin daminar da nake ba ku labari, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwanta. Babban aiki ne, kuma na yi murna. Sai dai a ganina, duk inda aka kashe kuɗin jama'a a kan ruwa, matata ce ko rijiyar burtsatse, aikin bai cika ba sai mai shan ruwan ya ga sakamakon gwaji da kwanan wata a inda yake ɗiba. Gaskiya ne wani lokaci ruwa kan fito da tsafta, mu lalata shi a jarka ko a randa da moɗa mai datti. To ko wannan ma, ta yaya za mu gane laifinmu ne in ba a nuna mana cewa famfon ba shi da laifi ba?

Tambaya kuma ba rashin kunya ba ce. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Kuna iya farawa da famfon makarantarku. Ƙungiyar 'yan jarida ko ta kiwon lafiya ta rubuta wa shugaban makaranta cikin ladabi: yaushe aka gwada ruwan nan, wa ya gwada, me aka samu? In ba a taɓa gwadawa ba, wannan ma amsa ce, ku rubuta ta.

Ni dai na roƙi malaminmu ya bar ni in kawo ruwan famfonmu da na randar gida bayan hutu. Gwaji ɗaya na ɗalibi ba zai maye gurbin na hukuma ba, amma zan manna takardar a ƙarƙashin sunan ɗan kwangila. Inna ta ce in fara karanta mata na randarta a ɗaki, kafin maƙwabta su ji.